Farin Tabo a Kan Teburin Katako: Yadda Aka Yi Fama da Shi Mako Uku

Teburin da mai shi

Teburin cin abinci ne, tsawonsa santimita 180, faɗinsa 90. Mai shi dattijuwa ce, ta ce ya haura shekara arba'in a hannunta. Ƙafafunsa katako ne zalla, saman kuwa allo ne da aka manna wa siririn ɓawon katako mai kyan zane, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. A kan ɓawon akwai fenti garai-garai mai sheƙi, an ɗan surka masa launin ƙasa-ƙasa. Ita "banish" take ce masa, kamar yadda yawancin mutane ke kiran duk wani fentin katako da ake hango katakon ta cikinsa.

Duk mako takan fesa masa folish na gwangwani ta goge da tsumma. Aibinsa ɗaya kafin wannan lamari shi ne wani tsohon baƙin tabo a gefe, wurin da wani gwangwanin ƙarfe na furanni ya daɗe yana yoyo ba a lura ba.

Ni sana'ata fentin kayan katako da gyaransu. Sai a rana ta 11 aka kira ni. Abin da ya faru kafin nan daga bakinta da na ɗanta na ji shi, ragowar kuma na karanta a jikin teburin.

Rana ta 1 da ta 2: tabo biyu

An yi baƙi da yamma. Wani ya sauke tukunya daga kan wuta, ya nemi abin ɗorawa bai samu ba, sai ya ninke tawul ɗin da aka gama goge kwanuka da shi ya shimfiɗa, ya ɗora ta a kai. A ganinsa ya kare teburin. Tukunyar ta yi kamar minti ashirin a wurin. Da aka ɗauke tawul ɗin, sai ga farin tabo kamar hazo, tsawon santimita 22, faɗin 15, tsakiyarsa fari fat, gefensa na dusashewa a hankali.

Da gari ya waye aka ga na biyu a ɗaya ƙarshen: zobe mai faɗin santimita 7, inda aka manta kofin gilashi mai ƙanƙara ya kwana yana zufa.

Ta wanke wuraren da sabulu da jiƙaƙƙen tsumma. Muddin wurin yana jiƙe, tabon sai ya yi kamar ya ragu. Da ya bushe sai ya dawo yadda yake. Ta fesa folish har sau uku, duk kanwar ja ce.

Rana ta 3 zuwa ta 5: jira, sannan Vaseline

Kwana biyu ba wanda ya taɓa teburin, saboda ta yi tafiya. Da ta dawo ta tarar zoben kofin ya ragu da kansa, kusan rabinsa ya tafi. Babban tabon yana nan daram, don haka hankalinta bai ma tsaya a kan ƙaramin ba.

A daren rana ta 5 ta shafa Vaseline mai kauri a kan duka biyun bisa shawarar wata ƙawarta, ta bar shi ya kwana. Da safe ta goge. Zoben ya ɓace, sai an ƙura ido a ga inuwarsa. Babban tabon kuma gefensa ya ja baya da kamar santimita ɗaya a kowane ɓangare, tsakiyar ko gezau.

Rana ta 6: man goge baki

Nan ɗanta ya shigo cikin maganar, saurayi ne mai zafin nama. Ya kwaɓa farin man goge baki da garin bakin soda, ya naɗe tsumma a yatsa biyu, ya zaɓi kusurwa ɗaya ta babban tabon ya shiga murzawa yana kewayawa. Ya ce ya yi minti goma ko fiye. Farin ya ragu a wurin, har ya kira ta.

"Umma, zo ki gani, yana fita."

"To wannan jan da ke jikin tsumman fa, na mene ne?"

Tsumman ya yi ƙasa-ƙasa. Da suka goge wurin ya bushe, sai ga fili mai faɗin santimita 6 wanda sheƙinsa ya mutu, launinsa ya fi na kewaye haske, ga ƙananan zane-zane masu kewayawa kamar sawun soso a bayan tukunya. Ta hana shi ci gaba.

Rana ta 8: dutsen guga

Bai haƙura ba. Ya ji cewa guga na cire irin wannan tabo, sai ya jira ta fita. Ya shimfiɗa tawul mai kaushi a kan tabon, ya murɗa dutsen guga zuwa ɗigo uku, wato zafin goge auduga, kusan digiri 200. Tankin dutsen cike yake da ruwa, tururin kuma a kunne. Ya danna ya tsaya a wuri ɗaya har ya ƙirga talatin.

Abu uku suka biyo baya. Tabon ya ƙaru, ya kai santimita 27 a tsawo. Saƙar tawul ɗin ta fito raɗau a jikin fentin, ana jin ta da yatsa. Kusa da gefen tabon kuma ɓawon katakon ya ɗago ya yi bororo mai faɗin santimita 2, idan aka danna yana lotsawa yana dawowa.

Da ta dawo ta gani, ba ta ce masa komai ba, abin da ya ce mini ya fi faɗa ciwo. Ta rufe teburin da mayafi, bayan kwana uku ta aiko a kira ni.

Rana ta 11: dubawa

Ban taɓa tabon ba sai da na kashe fitilar ɗakin na haska tocila a kwance, daidai da fuskar teburin. Haske a kwance ba ya rufa wa fenti asiri. Na ga sawun saƙar tawul, na ga zanen man goge baki, na ga bororon. Inda farin yake zalla kuwa fuskar sumul take, ba tsagewa, ba ɓarewa. Na bi da farce a hankali, bai kama komai ba. Wannan ya nuna mini farin yana cikin fentin ne, bai sauka zuwa katako ba.

"Malam, katakon ya ƙone ko?"

"Bai ƙone ba, Hajiya. Da ya ƙone, ko kuma da ruwa ya kai gare shi, da baƙi za ki gani, irin wancan na gefe."

Ta ce to me ya sa ya yi fari, alhali ruwa ba shi da launi. Na ce ta dubi kumfar sabulu. Ruwan sabulu garai yake, amma da zarar ya zama dubban ƙananan ƙwayoyin iska sai ya koma fari, domin haske yana shiga yana tarwatsewa maimakon ya ratsa. Abin da ya samu fentinta ke nan. Zafin tukunya ya sa ya yi laushi, tururin jiƙaƙƙen tawul ya rasa hanyar fita sama sai ya kutsa ƙasa, da wurin ya huce sai fentin ya ƙage da danshin a cikinsa. Ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya iya rarrabewa, wasu da ruwa a ciki, wasu da iska. Ma'aunin karkatar da haske na irin wannan fenti kusan 1.5 ne, na ruwa 1.33, na iska 1.0. Wannan bambancin ne ido ke gani a matsayin fari. Duk abin kuma yana faruwa ne a cikin shimfiɗar da kaurinta bai wuce na takarda ba.

Sai tambayar da ba wanda ya yi tun ranar farko: wane irin fenti ne a kan teburin? Kalmar banish ta haɗiye abubuwa da yawa waɗanda halinsu ya sha bamban. Akwai shelak, wanda ake samu daga danƙon da wani ƙwaro ke fitarwa a rassan itatuwa a Indiya da Tailan, a narka shi a sifirit. Shi ne aka fi gani a tsofaffin kayan katako sosai. Akwai fentin feshi na naitiroselulos, wanda ya bazu a masana'antu daga shekarun 1920, motoci suka fara cin moriyarsa kafin masu kujeru da tebura su rungume shi. Waɗannan biyun bushewarsu tashin ruwan da aka narka su da shi ne kawai, saboda haka ko bayan shekara hamsin, aka sa musu wannan ruwan za su sake narkewa. Sannan akwai banish na mai da foliyuritan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano asalinsa a Jamus a 1937. Su ƙullewa suke yi idan sun bushe, ba sa komawa ruwa. Sun fi jure zafi da danshi, amma ranar da suka yi tabo gyaransu ya fi wuya.

Gwajin ba shi da wahala. Na kifa kaina ƙarƙashin leɓen teburin, inda fenti ya kai amma ido ba ya kaiwa. Na ɗiga sifirit da auduga a kan tsinke, na jira minti ɗaya: ɗan laushi kaɗan, bai yi danƙo ba. Ba shelak ba ne. Na matsa gaba na ɗiga tina, wato ruwan tsarma fentin feshi. Kafin in ƙirga goma audugar ta fara mannewa, ta ɗauko launi. Fentin feshi ne na naitiroselulos, launin kuma a cikin fentin yake, ba a jikin katako ba. Nan na gane abin da ya fito a tsumman yaron ranar man goge baki.

Aikin ranar na ƙarshe shi ne wanke saman gaba ɗaya da wayit sifirit, wato ruwan tsarma fentin mai, wanda ke ɗauke maiƙo da kaki ba tare da ya narka busasshen fentin feshi ba. Tsumma uku suka baƙanta da tarin folish na shekaru. Da maiƙon Vaseline ya fita, gefen babban tabon ya dawo kusan inda yake a da, zoben kofin kuwa bai dawo ba. Na buɗe tagogi na bar shi ya kwana, domin ba a kusantar da zafi inda warin irin wannan ruwa bai gama fita ba.

Rana ta 12: busasshen zafi

Na fara da na'urar busar da gashi, matsakaicin zafi, tazarar santimita 15, ina yawo da ita ba tsayawa, daga gefen tabon zuwa ciki. Ma'aunina tafin hannu ne: duk minti ɗaya in ɗora shi a wurin, in har ba zan iya barinsa a kai ba, zafi ya yi yawa. Minti biyar ina yi, minti goma ina bari ya huce.

Zagaye na farko ba abin da ya motsa, har Hajiya ta fara kallona kallon "kai ma ɗin?" A tsakiyar na biyu gefen ya soma ja da baya, kamar yadda hucin baki ke janyewa daga madubi, sai dai a hankali ƙwarai. Abin da tururin guga ya ƙara shi ya fara tafiya, domin sabo ne kuma a sama-sama yake. Bayan zagaye shida, tabon ya koma santimita 9 a tsawo, 6 a faɗi. Na bakwai da na takwas ba su ƙara komai ba.

Da yamma na karɓi dutsen gugan nan dai na rana ta 8. Yaron na tsaye yana kallo. Na juye ruwan tankin kaf, na kashe tururi, na mayar da shi ɗigo ɗaya, kusan digiri 110, na bar shi ya yi zafi a gefe har ya daina tofar da ragowar ruwa. Na shimfiɗa tsohuwar farar singileti ta auduga mai laushi, busasshiya, ninki biyu, ba rubutu ba ɗinki a wurin. Daƙiƙa biyar ina zagayawa da dutsen, in ɗaga ƙyallen in duba, in jira wurin ya huce, in sake. Na yi haka sau goma sha biyu. Tabon ya ragu zuwa kamar faɗin kwabo biyu a jere, sawun saƙar tawul ma ya ɗan kwanta.

A nan na yi nawa kuskuren. A zagaye na tara na bar bakin dutsen ya matsa kusa da bororon, ina zaton ɗumi zai farfaɗo da gam ɗin da ke ƙasa in danne shi ya kama, kamar yadda tsohon gam da ake yi da fatar dabba yake yi. Wannan gam ɗin ba irinsa ba ne. Bororon ya ƙara faɗi da rabin santimita.

Rana ta 13 zuwa ta 15: tsakiyar tabon da bororon

Abin da ya rage shi ne daidai inda gindin tukunyar ya fi dannawa. A nan ramukan sun yi zurfi, ko danshin ya fita sun ƙi rufewa. Sai dai a sa fentin ya ɗan narke ya sake haɗe jikinsa. Da shelak ne, da tsumma mai ɗan danshin sifirit zan riƙa wucewa da shi a kai da sauri, yana shafar wurin kamar ba ya taɓawa. Tun da fentin feshi ne, na yi amfani da gwangwanin feshin cire hazo da masu fenti ke ajiyewa don ranakun da iska ta cika laima. Abin da ke cikinsa ruwa ne mai narkar da fenti amma mai jinkirin tashi, galibi butoksi-etanol, yana ba fentin lokaci ya saki abin da ya riƙe ya kwanta.

Na rufe sauran teburin da takarda, na buɗe ƙofa da tagogi, na sa takunkumi, na ce kowa ya fita, kada kuma a kunna wuta. Daga tazarar santimita 30 na yi feshi ɗaya mara nauyi, kamar raɓa. Babban aikin a nan riƙe hannu ne, domin a mintocin nan fentin laushi gare shi, ko yatsa aka ɗora zai bar shaida. Cikin minti uku farin ya narke, zanen katakon ya bayyana a ƙasa. Bayan awa ɗaya na ga ɗan hazo ya rage a gefe ɗaya, na ƙara feshi na biyu. Sawun saƙar tawul ya kwanta tare da shi. Na bar teburin kwana biyu ba a ɗora masa ko takarda ba.

Rana ta 15 na koma kan bororon. Na tsaga shi da sabuwar reza a bin tsayin zanen katakon, na tura gam na kafinta ta tsagar da bakin siririyar wuƙa, na danna har rarar ta fito na goge, na ɗora takarda mai kaki da guntun katako mai santsi, na matse da kilam awa 24. Ya kwanta. Tsagar tana nan kamar silin gashi, ta ɓace cikin zanen katakon.

Rana ta 19: daidaita sheƙi

Inda aka yi wa feshi ya fi kewaye sheƙi, inda aka murza da man goge baki kuma ya fi kewaye dusashewa. Na bi saman teburin gaba ɗaya da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da kakin katako, dogon ja daga wannan ƙarshe zuwa wancan a bin zanen katako, hannu sakwa-sakwa. Bayan minti ashirin na goge da ƙyalle mai laushi. Sheƙin ya sauka kaɗan daga yadda yake a da, amma ya zama ɗaya ko'ina, zane-zanen masu kewayawa sun tafi.

Launin da ya fita a tsumman yaron dai bai dawo ba. Na gaya mata hanya biyu. Ko a fesa sabon fenti mai launi a wurin, wanda na yi shakkarsa, saboda yawancin folish na gwangwani na ɗauke da silikon, shi kuma idan ya shiga tsohon fenti yakan sa sabo ya riƙa tsaga ido-ido ya ƙi kwanciya. Ko kuma a kankare saman gaba ɗaya a sake shi. Baƙin tabon gefe ma sai ta wannan hanyar: ruwa ne ya ratsa har katako, ƙarfen gwangwanin ya haɗu da sinadarin tanin da ke cikin itacen suka yi baƙi irin na tawada, kuma maganinsa, asid na okzalik, sai a kan tsiraicin katako yake aiki.

"A bar shi haka tukuna, Malam. Ya sha wuya."

Bayan wata uku: abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba

Na koma na duba. Farin bai dawo ba, bororon bai ɗago ba.

Zoben kofin, a ganina, lokaci ne ya warkar da shi. Ruwan sanyi ne, bai shiga da nisa ba, ya riga ya ci rabin hanya da kansa kafin a shafa masa komai. Vaseline ya taimaka ta hanyarsa: maiƙo yana cike ramukan sama, kuma da yake yana karkatar da haske kusan daidai da fentin, sai farin ya ɓuya. Shi ya sa jiƙaƙƙen tsumma ma ya yi kamar yana aiki a rana ta 2. A ƙaramin tabo wannan ya isa, ba ya kuma ɓata komai. A babban tabon ɓoyewa ce kawai, wanki ɗaya ya tona ta.

Gugar rana ta 8 da ta rana ta 12 dutse ɗaya ne. Ta farko ta maimaita abin da tukunyar ta yi, zafi mai yawa da tururi da dannawa a wuri ɗaya. Ta biyu ɗumi ne busasshe, kaɗan-kaɗan, ana dubawa. Ko ita ma ba zan ba kowa shawarar ya fara da ita a kan tebur mai ɓawon katako ba, tun da ni kaina na faɗaɗa bororon da ita. Na'urar busar da gashi ce ta yi mafi yawan aikin, kuma da an fara da ita a rana ta 3, ina kyautata zaton da abin da zai rage mini kaɗan ne. Feshin da ya ƙarasa tsakiyar ya yi aiki ne don fentin mai sake narkewa ne. Da foliyuritan ne a kan teburin, da ko gwangwani guda na juye ba abin da zai canza, shi ya sa nake ɗaukar ɗigon sifirit da tina na ƙarƙashin leɓe a matsayin aikin da ya fi kowanne amfani a mako ukun.

Man goge baki kuwa sanfefa ce mai laushi. Yana cire fari ne ta hanyar cinye fentin da farin ke ciki, kuma a fenti mai launi yana tafiya da launin. Tukunya, tawul, kofi da tururi duk an goge sawunsu. Filin nan mai faɗin santimita 6 shi kaɗai ya rage, ana ganinsa da safe idan hasken taga ya faɗo a kwance. Ta ce ranar da ta tashi sake saman, sai a haɗa shi da baƙin tabon a yi aiki ɗaya. Har yanzu ba ta aiko ba.